Sabar Gida: Daidai Ruwa, Daidai Tsaki

Wani yayi ya shigo wa masu ɗaukar hoton biki da masu tace bidiyo a Kano, kuma ina cikin waɗanda ya kwasa tun da wuri. Kowa so yake ya kafa rumbunsa a gida: kwamfuta guda wadda ba a kashewa, cike da faifan ajiya, a jona ta da sauran na'urorin gidan, duk aikin da aka ɗauko a juye a cikinta. Masu abin suna ce mata saba, wasu su ce NAS. Ni rumbu nake cewa, don aikinta ɗaya da wanda ke bayan ɗakin kakata a ƙauye.

Ba sai an yi dogon bincike ba kafin a gane abin da ya kawo yayin. Kyamarar da ke ɗaukar 4K a kan megabit 100 a daƙiƙa tana cin gigabayit 45 a awa guda. Ka lissafa kamu, da sa lalle, da ɗaurin aure, da dina, da buɗar kai, kyamara biyu ko uku a kowane zama. Biki ɗaya sai ya lashe rabin terabayit. Google kuwa tun ranar 1 ga Yuni 2021 ya rufe ƙofar ajiyar hotuna kyauta marar iyaka, aka koma gigabayit 15 ɗin nan da ake rabawa da Gmail. Ko da kana da dalar biyan haya duk wata, da wace data za ka ɗora rabin terabayit sama? Da can dabararmu ita ce ƙananan faifan aljihu, a manna wa kowane takarda a rubuta sunan ango, a jefa a durowa. Sai amarya ta aiko bayan shekara uku tana neman bidiyon kamunta, ka jona faifan, ka ji yana ƙwas-ƙwas kamar kaza na tsattsagar tsaba. Wanda ya taɓa tsayawa gaban uwar amarya yana neman kalmar da zai faɗa ba zai yi musu da ni ba a kan cewa rumbu ya zama dole.

Saboda haka ba yayin nake suka ba. Abin da ke damuna shi ne irin injin da samarinmu suka ɗora wa ido.

Ka buɗe YouTube ka ga Bature a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidansa a Amurka ko Jamus, ya jera manyan sabobin da kamfanoni suka yi wa ritaya, irin su Dell PowerEdge R720 na 2012, fitilu suna ta ƙyaftawa. Injuna ne masu ƙwari, babu mai cewa a'a, kuma gwanjonsu na isowa nan da araha har ka yi mamaki. Sai yaro ya ga ƙarfe mai ramin faifai takwas ko goma sha biyu a kuɗin da bai kai na wayar hannunsa ba, ya ce ya tsinci dami a kala. Bai tambayi kansa ba: wane ɗaki aka ƙera wannan abu ya zauna? An yi shi ne don zauren da iyakwandishan ba ya mutuwa, iska a tace take, wuta ta layi biyu take shigowa, kuma babu mai kwana a ciki. Baturen da ke nuna maka shi, ɗakinsa sanyi ƙalau ko da rani, kuma zai iya shekara bai ga an ɗauke wuta ba.

Ni ma na saya, wata ƙirar daban, ba sai na kama suna ba don ba laifinta ba ne. Daren farko da na kunna ta, fankokinta suka ɗauki kuka, uwargida ta leƙo daga tsakar gida ta ce, "Malam, jirgin nan naka ƙarfe nawa zai tashi, mu yi sallama?" Na yi dariya. Da na sa mata ma'aunin wuta dariyar ta tsaya: wat 150 take sha tana zaune ba ta aikin komai. A wata guda yunit 108 ke nan. A farashin da hukumar NERC ta yanka wa 'yan rukunin Band A a watan Afrilun 2024, naira 225 kowane yunit, ya haura naira 24,000 duk wata, don kawai ƙarfe ya zauna yana huci. Wannan ma lissafin mai samun wuta ne. Mu da muke kan sola da inbata, da batir muke biya. Kafin kiran assalatu ta tsotse shi tas, fankar yara ta tsaya, firji ya mutu. A watan Oktoban 2024, lokacin da Arewa ta shafe fiye da mako cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta, rumbun nawa mai tsada a kashe ya yi zamansa, ina aiki da faifan aljihun da na raina.

Yanzu abin da ke ƙuryar ɗakina ƙaramin allo ne mai ƙwaƙwalwar Intel N100, wadda ta fito a 2023, ita kanta wat 6 aka ƙiyasta mata. Da faifai biyu a ciki duka akwatin bai wuce wat 25 ba, wato yunit 18 a wata. Fim ɗin da babbar ke miƙo wa kwamfutar tacewa, ita ma ƙaramar tana miƙowa da gudu ɗaya, domin wayar sadarwar gidan ce ke iyakance gudun, ba ƙarfin injin ba. Ajiye fayil ba aikin ƙarfi ba ne. Aikin haƙuri ne.

Na san abin da masu manyan injuna za su ce, kuma suna da gaskiya a wani ɓangare. Babbar saba tana da RAM mai gyara kuskurensa da kansa, ana zare faifai a mayar ba tare da an kashe ta ba, ana iya kunna ta daga nesa. Wanda yake koyon aikin kula da sabobi don ya nemi aiki a banki ko kamfanin sadarwa, ya saya, ya kunna ta ranar Asabar ya yi karatunsa ya kashe. Makaranta ce mai kyau. Amma kada ya ɗora mata amanar bikin mutane a ɗakin da rufinsa kwano ne.

Zafi da ƙura su ne abin da bidiyoyin can ba sa koyarwa. A watan Afrilu Kano na haura digiri 40 a inuwa, yawancin masu ƙera faifai kuma iyakar da suke rubutawa ba ta wuce 60 ko kusa da haka. Tazarar ba ta da yawa idan ka cusa faifai huɗu jiki da jiki a akwatin da iska ba ta ratsawa. Da hunturu kuma ƙurar da ke shiga ta ƙasan ƙofa fanka ke zuƙe ta ta shafe allon da ita, ta toshe ƙofofin iska, sai bazara ta zo ta tarar da injin sanye da bargo. Kakata ba ta karanta komai ba, amma rumbunta a kan duwatsu yake zaune saboda danshi da gara. Nawa ma na ɗaga shi daga ƙasa, na sa fanka babba guda mai juyawa a hankali tana busa faifan kai tsaye, na ɗaura yankin gidan sauro a bakin iskar, ina wanke shi duk Juma'a idan hazo ya sauka.

Wajen gyara ne yayin ya fi ba ni haushi, don a nan ake asarar kuɗi a banza. Akwai lokacin da faifai ɗaya ya riƙa ɓacewa daga rumbuna, yau yana nan, jibi babu shi. Na yanke masa hukuncin mutuwa, na sayo sabo da kuɗin da na tara don gilashin kyamara. Kwana huɗu, sabon ma ya ɓace. Na kwashi akwatin na kai wa wani dattijo da ya fara gyaran rediyo tun kafin a haife ni, daga baya ya koma kwamfuta. Bai ko kalli faifan ba. Ya ce, "Ɗana, mutum biyu sun kwana a ɗaki ɗaya duk sun tashi da mura, sai ka ce mutanen ne? Duba tagar." Ya zare siririyar wayar SATA, ya nuna mini inda na lanƙwasa ta da ƙarfi don murfi ya rufu. Na ce, "Baba, wayar ɗari biyar?" Ya ce, "Ita fa."

Abin takaicin, faifan ya riga ya faɗa mini, ni ne ban iya jin yarensa ba. Kowane faifai yana riƙe da littafin lafiyarsa da ake kira SMART. Lamba ta 199 a ciki tana ƙirga saƙon da ya lalace a hanya tsakanin faifai da allo, idan tana hawa to waya ce ko bakin da aka soka ta. Waɗanda ke nuna faifan kansa ya fara ciwo daban ne, kamfanin Backblaze mai riƙe da dubban ɗaruruwan faifai ya ce biyar yake sa wa ido: 5, 187, 188, 197 da 198. Minti biyu na karatu da ya tsare mini kuɗin gilashi.

Tun daga ranar nake bin tsarin dattijon, a fara tuhumar abu mafi araha. Bayan waya sai fawa-fak, mai ba injin wuta. Faifai babba yana jan kusan amfiya 2 a layin bolt 12 a daƙiƙun da yake tashi daga barci, kusan wat 25, alhali in ya daidaita ko rabin haka ba ya sha. Faifai shida su tashi lokaci guda a kan fawa-fak ɗin da ba a san asalinsa ba, ko ta wayar da aka yi wa rassa kamar jonin unguwa, dole ɗaya ya faɗi, kuma ba kullum ɗaya ne zai riƙa faɗuwa ba, shi ya sa cutar ke rikita mutum. Katin ƙarin faifai na LSI da ake cirowa daga tsofaffin sabobi shi ma ya saba da guguwar fankokin can, in ka sa shi a akwatin gida babu iska sai ya yi zafin da ba ka iya taɓawa, ya fara zubar da faifai. Ƙaramar fanka da zaren roba sun warkar da nawa. RAM kuwa a bar MemTest86 ya kwana a kansa kafin a zuba ko hoto ɗaya.

Kuɗin da aka ƙi kashewa a ƙaton inji, faifai da wuta ya kamata su ci shi. A nan ma a buɗe ido. A 2020 aka gano Western Digital na sayar da wasu faifan Red, daga terabayit 2 zuwa 6, masu rubutu irin na SMR, inda layukan ke hawa kan juna kamar jerin kwanon rufi, ba tare da an bayyana ba. Irin wannan faifai in aka zo sake gina rumbu sai ya yi ta jan ƙafa har manhaja ta ɗauka ya mutu. Bayan hayaniya ne kamfanin ya ware masu CMR, waɗanda layukansu ba sa hawa kan juna, ya kira su Red Plus. A farkon 2025 kuma kafar labarai ta Heise a Jamus ta fallasa yadda wasu dillalai ke sayar da faifan Seagate da suka yi dubban awanni suna aiki a matsayin sababbi, an goge musu agogon SMART, sai wani littafi na biyu mai suna FARM ya tona asiri. Idan an yi wa mai saye a Jamus haka, kai da kake karɓar faifai a leda ba kwali, ka gwada shi kwana biyu cur, a rubuta a karanta kowane lungu, kafin ranar mayarwa ta wuce.

Sai UPS, ko da ƙarami ne, wanda zai iya gaya wa rumbun ta wayar USB cewa wuta ta tafi, ya rufe kansa cikin mutunci. Faifai ba ya son a katse shi yana tsakiyar rubutu, mu kuwa a rana sau nawa ake katse mu?

Akwai wata magana da nake ji a bakin samarin da take sa gabana faɗuwa: "Ai na yi RAID, ko faifai ya mutu ba abin da zai ɓata." Gaskiya ne, idan faifai biyu suna madubin juna ɗaya ya mutu, aiki na ci gaba. Amma sake cika sabon faifai mai terabayit 8 yana cin awa goma sha biyu ko fiye, ɗayan da ya rage yana aiki ba hutu, kuma sa'an wanda ya mutu ne, rana ɗaya aka saye su, zafi ɗaya suka sha. A nan ake kukan targaɗe sai ga karaya. Ban da haka, abin da ka goge da kuskure a take yake gogewa a duka biyun. Tsawar damina in ta biyo waya ba ta zaɓar faifai. Ɓarawo da akwatin gaba ɗaya yake fita. Manhajar ZFS da TrueNAS ke tafiya a kanta tana taimakawa, tana bin fayiloli tana duba ko wani ya ruɓe a ɓoye, tana kuma ajiye hoton yadda rumbun yake jiya da shekaranjiya, amma duk a ɗaki ɗaya suke. Wani mai ɗaukar hoto ne ɗan Amurka, Peter Krogh, ya yaɗa ƙa'idar 3-2-1: kwafi uku, a kan abin ajiya iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Ɗan sana'armu ne, ya san zafin abin. Masu buɗe rumbunsu ga intanet don su yi wa abokai burga daga waya kuma su tuna Yunin 2021, lokacin da masu My Book Live a ƙasashe da dama suka wayi gari an shafe musu komai daga nesa, na'urar da rabonta da sabunta manhaja tun 2015.

Kwafina na uku faifan aljihu ne guda biyu da nake musanyawa. Ɗaya yana gidan yayata a Zariya, cikin akwatin da take ajiye zannuwan da ba ta ɗaurawa. Duk ƙarshen wata in na je gaishe ta sai in kai sabo in ɗauko tsoho, ita kuma ta ɗauka zumunci ne ya yi mini yawa.

Babbar sabar tana nan a shago, na ɗora firinta a kanta, tsayinta ya yi daidai. Makon jiya wani yaro da ke koyon tace bidiyo a wurina ya tsaya yana shafa ramukan faifanta, ya ce, "Oga, nawa za ka bar mini ita?" Na tambaye shi batir nawa ne a gidansu. Ya ce ɗaya, kuma na Hajiya ne.