Jiran Kirsimeti a Fadamar Haɗejiya

Mabiya Almasihu suna da wani zango a shekararsu ta ibada wanda galibin maƙwabtansu Musulmi ba su san da shi ba, domin ba a yanka a cikinsa, ba a kuma caɓa ado, watau Lahadi huɗu da ke gabatar ranar 25 ga Disamba, waɗanda aka keɓe domin jiran zuwan Almasihu. Asalinsa daga Turai ne, inda tun ƙarni na biyar wani babban limamin birnin Tur na Faransa ya ɗora wa jama'arsa azumin kwana uku a kowane mako daga 11 ga Nuwamba. Daga bisani cocin Rum ya tsayar da zangon a Lahadi huɗu, azumin kuwa ya yi ta sauƙi har ya zamana saura tuba da karatu. Kyandirorin da ake kunnawa ɗaya bayan ɗaya baƙi ne a al'adar, don kuwa sai a 1839 wani malamin mishan ya faro su a Hambug ta Jamus, saboda yaran da yake reno.

To, Turawa sun jingina ma'anar wannan jira da duhun hunturunsu, lokacin da rana ke faɗuwa tun la'asar, mutum ya ƙagara haske ya dawo. Wannan ishara ba ta da ƙarfi a Haɗejiya, inda yinin Disamba bai gaza na bazara da wani abin kirki ba. Abin da ke gaban mai ibada a nan shi ne ruwa. Kogin da ya cika ya malale fadamu a watannin Agusta da Satumba ya janye, an yanke shinkafa, masunta sun bi kifi cikin tafkunan da suka rage, tsuntsayen Turai sun sauka a dausayin Baturiya, manoman rani kuwa sun zuba alkama, sun dasa tattasai da albasa, alhali sun san ba za su ga amfanin alkamar ba sai wajen Maris.

A ganina nan ne zangon ya sami mazauni na haƙiƙa. Imam Gazali ya bambance raja'i da burin banza a cikin littafinsa Ihya'u da misalin manomi: wanda ya gyara ƙasa, ya shuka, ya yi ban ruwa, sa'an nan ya sa ido ga falalar Ubangiji, shi ne mai raja'i, wanda kuwa bai shuka ba yana tsammanin girbi, ruɗi ne ya ɗebe shi. Wasiƙar Yaƙubu, wadda Katolika ke karantawa a Lahadi ta uku a wasu shekaru, da manomi mai dakon ruwan sama ta buga misalin haƙuri. Haka kuma ƙissar Zakariya da Yahaya da Maryamu, wadda ake bi a waɗannan makonni daga Linjilar Luka, ba baƙuwa ba ce a kunnen wanda ya haddace Suratu Maryam, ko da yake kowa ya san inda aƙidun biyu suka rabu game da Annabi Isa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Kiristocin wannan yanki 'yan kaɗan ne, da yawansu kuwa aiki ko fatauci ya kawo su, tun bayan da dogon Kano zuwa Nguru ya ratsa Malam Madori a 1930. Wasu da Hausa suke ibada, da Littafi Mai Tsarki wanda aka kammala fassararsa a 1932. Ba kuma duka suke kiyaye zangon iri ɗaya ba. Katolika da Angilikan suna bin ƙa'ida, da karatun Ishaya da tufafin limami mai launin shunayya. Majami'u irin su ECWA ba su ɗauke shi wajibi ba, amma Disamba ba ta zuwa musu sai da sujadar godiya ta kaka, da bitar mawaƙa da Zumuntar Mata kowane maraice.

Aibin da ke cin al'adar shi ne kasuwa da hanya. Tun tsakiyar wata hankalin mutane da yawa ya koma kan ɗinki, da tsadar kaji, da kuɗin motar zuwa Filato ko Kudu, har coci ya soma raguwa daidai lokacin da ya kamata ya cika. Waɗanda suka zauna, musamman masu gona a fadama, su ne jiran ya fi kama da halinsu, domin tun da aka datse ruwa a Tiga a 1974 da Challawa a 1992, ciyawar kachala kuma ta toshe magudanai, ambaliya ta daina bin tsohon lissafi: wata shekara ta ƙi isa gona, wata kuma, irin 2022, ta cinye gonar da gidan gaba ɗaya, amma duk da haka Nuwamba na kamawa sai a sake neman iri.