Masu Gane Dalilin da Ya Sa Kantin Chrome Ya Ƙi Kaya

Rubuta manhaja aiki ne, shigar da ita kasuwa kuma wani aikin ne daban, kuma ba kowa Allah ya haɗa wa biyun ba. Matashi zai yi makonni yana gina 'yar manhajar nan da ake liƙa wa burauza, irin mai toshe talla ko fassara shafi ko adana kalmar sirri. Ta yi aiki sumul a kwamfutarsa. Ya biya dala 5 ɗin rajista da Google ke karɓa sau ɗaya tak, wanda shi ma ba ƙaramin artabu ba ne a shekarun da bankunan Najeriya da dama suka hana sayayyar waje da katin naira. Ya ɗora kayansa a Chrome Web Store, sai jan rubutu layi ɗaya ya tare shi: an ƙi. A nan ne ake neman wani irin mutum da ba a cika yi masa kirari ba, wanda zai dubi wannan layin ya ce ga inda gizo ke saƙar. Ni dai ina ganin girman gwanintarsa fiye da ta masu saurin yatsu a kan madannai.

Abu na farko da yake yi shi ne tantance wane ne ya ƙi kayan, domin ƙofofi biyu ne. Akwai na'ura da ke buɗe ƙunshin zip ɗinka nan take, ta ƙi shi cikin daƙiƙoƙi idan tsarinsa bai yi daidai ba. Akwai kuma tantancewa ta bayan an miƙa, wadda na'urori da mutane ke yi tare, takan ɗauki kwanaki, wani lokacin makonni, amsarta kuma ta imel take zuwa. Wanda ya kasa raba waɗannan biyun sai ya yi ta gyaran bayanin sirri alhali waƙafi ɗaya ne ya yi masa yawa a cikin fayil.

A ce wani ya gina manhajar da ke sauƙaƙa rubuta ƙ da ɗ da ɓ a shafukan intanet, ya zo wurin gwanin rai a ɓace.

"Yaya, wallahi tana aiki a wurina. Yanzu ma na gwada."

"Na yarda, ƙanena. Amma ba foldar da kake aiki a ciki nake so ba. Turo min zip ɗin da ka ɗora musu, shi kansa."

Wannan buƙatar ita ce rabin sana'ar. Mai kaya yana gwada abin da ke kan teburinsa, kanti kuwa abin da ke cikin ƙunshi kawai yake gani, kuma sau da yawa biyun ba ɗaya ba ne. Gwanin zai warware zip ɗin a sabon wuri, ya fara duba inda manifest.json yake. Wannan ɗan fayil shi ne takardar shaidar manhajar: sunanta, lambar fitowarta, izinin da take nema, da sunayen fayilolin da take amfani da su. Dole ya kasance a saman ƙunshin, da zarar an buɗe a gan shi. Yawancin sababbin shiga foldar gaba ɗaya suke dunƙulewa, sai fayil ɗin ya nutse mataki ɗaya ciki. Zai kuma leƙa ko akwai fayil ko foldar da sunanta ya fara da alamar _, domin Chrome ya keɓe wa kansa sunayen da suka fara da wannan layin na ƙasa, sai 'yan kaɗan da ya sani irin su _locales, inda ake ajiye fassarori.

Daga nan sai ya karanta fayil ɗin kansa a hankali, harafi bayan harafi. JSON ba ya yafe waƙafin da aka bari bayan abu na ƙarshe a jeri. Akwai kuma wani tarko mai ban haushi: Chrome na kwamfutarka yana haƙuri da 'yan bayanan tunatarwa da mai rubutu ke bari wa kansa a cikin fayil ɗin, kantin kuwa yana iya cewa ya kasa karanta shi saboda su. Haka layin key, wanda wasu ke sakawa don lambar shaidar manhajar ta tsaya cik lokacin gwaji, ana ƙin sa a ɗorawar farko. Taƙaitaccen bayanin manhajar kada ya wuce haruffa 132, abin da ke takura mai rubutu da Hausa, mu da muke son shimfiɗa kafin magana. Su kuma haruffan nan masu lanƙwasa, in ba da tsarin UTF-8 aka adana fayil ba, ko dai su rikiɗe su koma alamar tambaya, ko burauzar ta ƙi loda fayil ɗin ɗungurungum.

Lambar fitowa kaɗai ta isa a gane gwani. Ƙa'idarta ita ce lambobi ɗaya zuwa huɗu da ɗigo a tsakaninsu, kowacce daga 0 zuwa 65535, kuma ba a fara lamba da sifili. Wanda ya so ya yi wayo ya sa kwanan wata, ya rubuta 20240615, ya zarce iyaka. Ya gyara zuwa 2024.06.15, sifilin da ke gaban 6 ya kayar da shi. Sai 2024.6.15 ce za ta wuce. Sannan kowace sabuwar ɗorawa dole lambarta ta ɗara ta baya, kuma ba lissafin makaranta ake yi ba: a nan 1.10 ta fi 1.9 girma, domin goma ake kwatantawa da tara. Gwanin ba haddace waɗannan ya yi don burga ba. Kowacce ta taɓa cin wani a gabansa.

Akwai kuma kayan da ba gyara suke buƙata ba, zamaninsu ne ya wuce. Kantin ya buɗe a Disambar 2010, kuma dokokinsa sun sauya sau da yawa tun daga lokacin. A 2016 Google ya sanar da cewa zai janye manhajojin Chrome masu zaman kansu daga Windows da Mac da Linux. Tsarin Manifest V3 ya zo da Chrome 88 a farkon 2021, kuma daga Janairun 2022 aka daina karɓar sababbin manhajojin da aka gina wa jama'a a kan V2. Darussan da aka rubuta kafin nan suna nan birjik a intanet, ba wanda ya goge su. Saboda haka in gwanin ya ga lamba 2 a layin da ke faɗin tsarin, ba ya ɓata lokaci a kan sauran. Zai gaya wa mai kaya gaskiya cewa tsohon darasi ya bi, aiki ya koma baya.

Ƙofa ta biyu ita ce inda basira ta fi fitowa, domin a can ba kuskuren rubutu ake nema ba, amana ake aunawa. Kuma da hujjarsu. Manhajar da aka ba izinin karanta kowane shafi tana ganin shafin bankinka da saƙonninka. Imel ɗin ƙin karɓa yakan zo da wani laƙabi na launi haɗe da sunan sinadari, wanda baƙo zai ɗauka wasa ne, gwani kuwa yana gani ya san inda zai dosa. Purple Potassium na nufin ka nemi izinin da ba ka amfani da shi. Misalin da ya fi yawa shi ne izinin tabs: mutane na zaton sai da shi ake buɗe sabon shafi, alhali ana buƙatarsa ne don karanta adireshi da taken shafukan da mutum ya buɗe. Gwanin zai bi izinin ɗaya bayan ɗaya yana tambaya, wane layi ne a cikin kod ɗin ke amfani da wannan? Wanda ba shi da amsa ya fita. Inda activeTab zai wadatar, wato izinin taɓa shafin da mutum yake kai a lokacin da ya danna manhajar kawai, ba zai nemi izinin duk intanet ba, don ya san faɗin izini na ƙara tsawon jira.

Blue Argon ya fi wahalar kamawa. V3 ya haramta wa manhaja ɗauko kod daga wata sabar ta gudanar da shi, domin abin da masu tantancewa ba su gani ba ana iya musanya shi gobe da mugun abu. Mai kaya zai rantse bai yi haka ba, kuma gaskiyarsa ne. Laifin yana cikin wani ɗakin kod na aro da ya haɗa da nasa, wanda ke ɗauke da adireshin wani fayil na waje a can cikin dubban layuka. Abin ya taɓa addabar masu amfani da Firebase, kayan Google ɗin kansa, har sai da aka fitar da wani sashe na musamman domin manhajojin burauza. Gwanin ba ya musu da imel ɗin. Yana buɗe ƙunshin da aka gama haɗawa ya bincika duk inda adireshin intanet ya bayyana, ya bi kowanne har gidansa. Aikin mai gyaran rediyo ne sak: waya ɗaya yake cirewa ya saurara, ba ya tsinke biyar lokaci guda balle ya rasa wadda ta kawo ƙarar.

Sauran laƙuban ba su kai waɗannan wuya ba. Red Titanium na kod ɗin da aka dagula da gangan don kada a iya karanta shi. An hana wannan tun Oktoban 2018, lokacin da Google ya ce sama da kashi 70 cikin 100 na miyagun manhajojin da yake toshewa suna da irin wannan kod, amma matse kod don rage nauyi halal ne. Yellow Magnesium na nufin abin bai yi aiki a hannun mai tantancewa ba, kuma sau da yawa dalilin ɗan ƙarami ne: an rubuta Icon.png a wuri ɗaya, icon.png a wani, Windows ya kau da kai, wata na'urar ta ce fayiloli biyu ne daban. Ko kuma manhajar na buƙatar shiga da asusu, ba a ba mai tantancewa na gwaji ba.

Wanda ya ƙware a nan ba ya ɗauka cewa ya gama da sauran kantuna. Mozilla ba ta karɓar kuɗin rajista, amma Firefox ba ya girka manhajar da ba ta sa wa hannu ba, kuma in ka matse ko ka dunƙule kod ɗinka za ta nemi asalinsa da bayanin yadda za a sake haɗa shi ya fito daidai da wanda ka miƙa. Ta kuma ba da kayan aiki mai suna web-ext da ke duba kurakurai tun kaya na gida.

Ba na cewa masu tantancewa ba sa kuskure. Suna yi, kuma saƙonninsu kan zo a gajarce har su ba mutum haushi. Amma dubi yadda gwanin ke ɗaukaka ƙara: ba zagi, ba magiya, sai sunan fayil, lambar layi, da jimla biyu kan abin da layin ke yi. Ba ya sake tura kaya iri ɗaya yana fatan a dace da wani mai sassauci, domin ya san maimaita saɓa doka na iya jawo a rufe asusun gaba ɗaya, har da sauran manhajojin da ke cikinsa.

Idan akwai irin wannan mutum a inda kake koyon aiki, kada ka tura masa zip ka tafi shan shayi ka dawo karɓar gyararre. Ja kujera kusa da shi, ka lura da abin da ya fara buɗewa da abin da ya bari sai ƙarshe, ka kuma tambaye shi dalili.