Gadon da Sangaya ya bari, da wanda muka watsar

Duk wanda ya san gidajen kallo na Haɗejiya da ƙauyukan fadama irin Baturiya a zamanin kaset, ya san yadda waƙar fim ɗin Sangaya ta mamaye bakin 'yan mata, daga wurin daka har bakin kogi. Kamfanin Sarauniya ne ya fitar da shi a Kano a 1999, Aminu Muhammad Sabo ya ba da umarni, Ali Nuhu da Fati Muhammad suka ja ragama.

A ganina, ba a ba wannan darakta haƙƙinsa ba. An saba cewa rawa da waƙa a fim ɗin Hausa kwaikwayon Indiya ne kawai, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Amma Sabo ya zaunar da waƙarsa a gida. Labarin na fada ne, soyayyar ɗan sarki da Zubaina mai hidima a gidan sarauta. Suturar tamu ce, 'yan amshi sun jeru kamar a dandalin gaɗa, kiɗan kuwa, ko da yake na fiyano ne, an murɗa shi ya yi amo irin na kayan kiɗanmu. Waƙar tana ɗauke da abin da kunya ta hana masoya furtawa a gaban manya, shi ya sa ta zauna daram cikin labarin.

Abin takaici, darasi ɗaya da yawa daga cikin na bayansa suka ɗauka: waƙa na sayar da kaset. Sai aka koma shirya waƙa tukuna, a nemo labarin da za a liƙa mata. Tun daga Turmin Danya na 1990 fim ɗinmu da labari ya tsayu, amma kasuwa ta juya lissafin.

Ga matasan daraktoci na yau nake kira. Ƙasar Haɗejiya cike take da waƙoƙin masunta, da na aikin gayya a gonakin shinkafa, da na gaɗa da ke bakin tsofaffin mata. Ga ruwa, ga kwalekwale, ga tsuntsayen da ke sauka dausayin Baturiya daga Turai duk hunturu. Ku zo da kyamarorinku ku saurara, ku gina labari a kan waƙoƙin tun masu riƙe da su suna raye.