Fasahar Baki da Ƙuri'a: Tsokaci kan Hukuncin Masu Sharhin Muhawarar 'Yan Takarar Shugaban Ƙasa

Maƙasudinmu a wannan takarda shi ne mu duba ma'aunin da masu sharhi kan yi amfani da shi wajen yanke hukuncin wanda ya yi fice a muhawarar talabijin, sa'an nan mu gwada shi da halin mai zaɓe a ƙananan hukumomin Karaye da Rogo, a yammacin Jihar Kano.

Bari mu fara da misalai biyu, dukansu sun shafi Kanawa. A 1993 an gwabza muhawara a tashar NTA tsakanin Alhaji Bashir Tofa na NRC da Cif M.K.O. Abiola na SDP. Da Abiola ya ci Jihar Kano a zaɓen 12 ga Yuni, sai wasu suka jingina nasarar ga muhawarar. To, amma a watan Maris na 2011, a muhawarar tashar NN24, akasarin masu sharhi sun ce Malam Ibrahim Shekarau, gwamnan Kano na lokacin, ya fi Janar Muhammadu Buhari da Malam Nuhu Ribadu tsara zance. Duk da haka Buhari ne ya ci Kano, Shekarau ya zo na huɗu a ƙasa baki ɗaya, Goodluck Jonathan kuwa, wanda bai halarci zaman ba, shi ya lashe zaɓen. Ashe ke nan ma'aunin da ya ba da sa'a sau ɗaya ya kāsa sau ɗaya ba abin dogaro ba ne.

A ganinmu, lam'ar tana ga abin da ake aunawa. Da Turanci aka yi muhawarorin nan, masu sharhi kuma lafazi da saurin amsa da natsuwar fuska suka duba. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma manomin Rogo ko masuncin madatsar ruwan Challawa da ke Karaye galibi ji yake yi, ta rediyo ko a majalisa, bayan an fassara an taƙaita. Kafin zance ya iso gare shi, adonsa ya zube, saura alkawari tsirara. Shi kuwa alkawari, da halin mai shi ake auna shi: me ya yi a baya game da taki, da hanya, da ruwan noman rani?

Ba muna cewa muhawara ba ta da amfani ba ne. A 2023 Sashen Hausa na BBC ya tara 'yan takarar gwamnan Kano suka yi muhawara da Hausa, talaka ya ji su da kunnensa ba tare da tafinta ba. Shawararmu ita ce a yi wa masu neman shugabanci irin wannan zama da manyan harsunanmu, a watsa ta rediyo. Kafin nan, ya kamata mai sharhi ya riƙa bayyana ko hukuncin wa yake faɗi, nasa ko na mai jefa ƙuri'a.