Kwanan Garke a Gona: Dabarar da Ake Rainawa

Masu sharhi daga birni sun daɗe da yanke hukunci: noma da kiwo ba sa shan inuwa ɗaya, a killace shanu kowa ya huta. Mai faɗin haka bai ratsa gonakin tudu tsakanin Rabah da Wurno bayan girbi ba.

Haɗin noma da kiwo ya daɗe. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya mai da Wurno ribaɗi kuma ya rasu a can a 1837, ya yi ta jan Fulani su zauna wuri ɗaya su haɗa dabba da gona. Abin da ya fi burge ni cikin wannan gado shi ne kwanan garke a gona.

Da an ɗaure dammunan gero, manomi ne ke neman Bafulatani, har da goronsa. Shanu su wuni suna kalen kara, da dare a tara su wuri guda, maruƙa na ɗaure a dangwali. Bayan 'yan kwanaki a gusa gaba. Gwanintar tana cikin gusawar nan: a daɗe wuri ɗaya taki ya yi yawa har ya ƙone shuka, a yi gaggawa ƙasa ba ta ƙoshi ba. Manomin da ya san gonarsa yakan nuna inda gero ya yi ja bara, ya ce a fara da nan. Ladan makiyayi dami ne, uwargida kuma ta sami nonon dama fura.

Za a ce ai ana iya kwaso taki da jaki a mangala. Ana yi, amma jaki kashi kawai yake kawowa. Fitsarin, wanda ke ɗauke da kaso mai tsoka na abincin shuka, ya riga ya tsiyaye a turke. Saniyar da ta kwana a gona tana zuba duka biyun, kofatonta kuma ya tattake su cikin yashi. Da damina za ka hangi makwancin garken daga nesa, geronsa baƙi-ƙirin, ya fi na kewaye tsawo. Takin zamani a jigawa kuwa, ruwan sama mai ƙarfi kan wanke shi, na shanu kan kai shekara biyu ko uku yana aiki. In akwai gawo a gonar abin ya ƙara kyau, don da rani yake ganye: shanu su ci 'ya'yansa, su yi taki a inuwarsa.

Gaskiya ne al'adar ta ja baya, kuma ta'addancin da ya addabi gabashin Sakkwato ya ɓata yarda. Amma ni a ganina ɓarakar ta fara ne daga fadama. Bayan kammala madatsar Goronyo a kan Gulbin Rima a 1984, noman rani ya bunƙasa, shinkafa da albasa da tafarnuwa suka mamaye inda shanu ke gangarawa neman ɗanyar ciyawa da ruwa. Manomi kuma ya mallaki shanun huɗa da jajayen awaki, sai ya kwashe kara da harawa ya ɗora kan reshe, ragowar ya kai kasuwa. Garken da ba shi da mashaya a watan Maris ba zai tsaya jiran gonar kowa a Nuwamba ba. Masu shata magudanan ruwa sun auna wa shinkafa hanyarta taki-taki, burtalin da zai kai saniya bakin gulbi kuwa aka bar shi ga rigimar manomi da makiyayi a gaban hakimi.