Karnuka Biyu Cikin Kalma Ɗaya: Nazarin Kalmar "Dog" a Turanci

A wannan takarda muna so mu yi nazarin wata al'ada da ta zauna da gindinta wajen koyar da Turanci, wato jera wa ɗalibi maganganun azanci masu ɗauke da kalmar "dog", kowace da ma'anarta a gefe, a ce ya haddace. A ganinmu wannan tsari yana ɓoye abin da ya fi muhimmanci, domin karnuka biyu ne a cikin kalmar, kuma ba a zamani ɗaya suka yi tashe ba.

Na farko shi ne karen wulaƙanci, shi ne kuma ya fi daɗewa. A wasan kwaikwayon Shakespeare mai suna The Merchant of Venice, cikin abubuwan da suka fi ci wa Shylock rai har da yadda Antonio yake kiransa kare. Daga wannan tushe aka sami "go to the dogs", wato lalacewa, da "a dog's life", rayuwar wahala, da "dog in the manger", wadda ta samo asali daga tatsuniyar Girkawa ta karen da ya kwanta a kan harawa, shi bai ci ba, bai kuma bar shanu sun ci ba. Wannan rukuni ba ya ba Bahaushe wuya, tun da shi ma kare zagi ne a bakinsa.

Na biyu ya yi ƙarfi ne a ƙarni na 19, sa'ad da kare ya ƙara samun daraja a Ingila har ya zama kamar ɗan gida. A 1835 doka ta hana haɗa karnuka faɗa, a 1859 aka yi gasar nuna karnuka a Newcastle, a 1873 kuma aka kafa ƙungiyar Kennel Club. Kalmar "dogged" ta isa shaida a kan wannan juyi: da can tana nufin mai mugun hali, amma a yau yabo ce ga mai naci wanda ba ya saki. Haka "underdog", wadda ta fito a Amurka daga faɗan karnuka: wanda aka danne ne, amma shi 'yan kallo suke wa fatan nasara.

A nan ne mai fassara yake tuntuɓe. Idan Bature ya kira jarida "watchdog", yabon ta ya yi. Idan muka ce kare ce, kunnen Bahaushe zai kai shi ga karen farauta, wanda ubangidansa yake tura shi ya yagi mutuncin wani. Ke nan an mai da yabo zagi, alhali "mai sa ido" ta wadatar. Har ila yau, "let sleeping dogs lie" ba ta bukatar kare ko kaɗan, domin tuni muna da "a bar kaza cikin gashinta". Ɗalibin da ya haddace jeri kawai ba shi da ma'aunin da zai gane wane kare ne a gabansa, musamman idan ya ci karo da maganar da ba ta cikin jerin.

Akwai ma inda babu kare sam. "Dog days" na nufin kwanakin tsananin zafi na Yuli da Agusta a Turai, kuma sunan ya zo ne daga tauraron Sirius, wanda Rumawa suke kira da sunan kare, suna danganta zafin da fitowarsa tare da rana. A ƙasar Hausa waɗannan watanni tsakiyar damina ne. Saboda haka mai fassara sai ya bar karen, ya bar watannin, ya ce tsakiyar bazara.