Kwaɗin Moustapha Alassane

Duk wanda ya taɓa zama filin kokowa a ƙasar Adar, ko a Tamaske bayan an kai amfanin gona gida, ko a Tawa inda aka fara gasar takobi ta ƙasa a 1975, ya san abin da ido ke fara kamawa: da'irar rairayi, makaɗa a gefe, 'yan kokowa sun sha layu suna taka rawa kafin a kama. Wannan filin ne marigayi Moustapha Alassane ya ɗauko ya dasa bisa tebur, ya zuba masa kwaɗi da hawainiya, ya ba ƙaguwa alƙalanci, ya raɗa wa fim ɗin suna Kokoa. 'Yan tsana ne duka, amma Ba'adare na kallo zai gane gida.

Zane mai motsi, wanda yara ke kira katun, aikin mai dogon numfashi ne. Sinima na nuna hoto 24 a daƙiƙa guda. Masu zane kan rage wa kansu wahala su yi 12, a ɗauki kowanne sau biyu, kuma duk da haka fim na minti biyar sai ya ci zane 3,600. Mai irin wannan ɗawainiya ba ya farawa da "bari mu gani". Zama yake ya yanka labarin gunduwa-gunduwa cikin ƙananan akwatuna a takarda: nan shigowar ɗan kokowa, nan kamu, nan kaye, nan 'yan kallo sun miƙe da sowa, kowane akwati da daƙiƙoƙin da zai ci. Kuskuren da aka gano a takarda magogi ya ishe shi. Wanda aka gano bayan ɗauka kuwa, aikin kwanaki ya bi ruwa.

Daga nan sai wuri. Sau ɗaya ake zana shi ko a gina shi, ya tsaya cik, masu motsi su yi ta kai da komo a gabansa. In da 'yan tsana ake aiki, a kafe kyamara, a kunna fitila, don rana ba abar yarda ba ce, inuwarta tafiya take. A ɗaga hannun kwaɗo kamar faɗin ƙwayar gero, a ɗauka, a ƙara ɗagawa, a ɗauka. Gwiwar hannu ta bugi tebur, an koma farko.

Inda na fi sara wa Alassane shi ne zaɓen kama. A Bon Voyage Sim na 1966, shekara shida da samun 'yancin kan Nijar, ya zana shugaban jamhuriyar kwaɗi za shi ziyara ƙasar maƙwabta: rakiya filin jirgi, fareti, gaisuwar manya. Baƙin layi ne kawai bisa farar takarda. Kwaɗo kuwa mene ne? Tumbi, faffaɗan baki, idanu biyu a sama. Hannu zai maimaita shi sau dubu bai gaji ba, kuma tumbin nan ya zauna wa babban mutum daram. Ga sauƙin aiki, ga habaici, kuma ba wanda zai kai ƙarar kwaɗo wurin alƙali.

An haifi Alassane a 1942, kanikanci ya fara koya, kuma ana ganin hannun bakanike a aikinsa. Mai shirya fim Jean Rouch ya buɗe masa hanya a Yamai, daga nan Alassane ya je Kanada ya ga yadda mai zane mai motsi Norman McLaren ke aiki. A 1977 ya fitar da Samba le Grand da 'yan tsana, mai launi. Daga baya ya zauna Tawa, ya buɗe otal, ya mai da wani sashensa ɗakin aiki. Ya rasu a Wagadugu ranar 17 ga Maris 2015.

Samarin Tamaske da Keita da Buza, wayar da ke aljihunku ta fi kyamarar da ya fara da ita. Ga duwatsun Adar, ga fadamun albasa, ga jaki ya ƙi tafiya ranar kasuwa an taru ana turawa. Ku fara sayen takarda da fensir.